Furen da ba ya jiran ruwa

A Mahuta, kamar sauran garuruwan da ke yankin Funtua da Malumfashi, in aka ce fure, hankalinmu kan auduga yake tafiya, ko wake. Na daji ba mu cika kula shi ba, alhali shi ke riga kowa fitowa, tun ƙasa tana ƙuna, ko ɗigon ruwa bai sauka ba.

Rawaya ce ke buɗe fage. Inda wuta ta ci ciyawa da rani, nan za ka gan ta zaune a kan toka, ba ganye ba reshe, sai furen kawai, launinsa kamar ƙwaiduwa. Da saiwarta ake rini. Gurjiya takan yi ja tun cikin hunturu, sansami ya bi baya. Furen kaɗanya ba shi da wani kyan gani, amma ƙudan zuma sun fi mu sanin darajarsa. Sai ɗorawa, wadda jajayen furanninta ke lilo kamar an rataye ƙwallaye. Ita kam muna kallonta, domin daddawar bana muke ƙirgawa. Albasar kwaɗi ce kaɗai mai haƙurin jiran ruwan fari.

Yanzu sai an yi tattaki kafin a ga waɗannan a wuri guda. Gonar masara da waken suya ta cinye saura, maganin feshi ba ya tambayar sunan ciyawa, masu gawayi kuma sun gama da kirya sun koma kan kaɗanya. Ga rashin tsaro da ya hana shiga manyan dazuzzuka, don haka gatari ya dawo kan ɗan kurmin da ke bayan gari. Ba ma zagin mai gawayi, yara yake ciyarwa. Sai dai itacen da ya shekara talatin yana girma, buhu nawa zai ba shi?

Mu kaɗan ne, kuma ba ma kiran kanmu 'yan sa kai, sunan ya riga ya zama na masu bindiga. Gayya muke yi. Bayan kaka mukan share layi kewaye da kurmin don kada gobara ta tsallaka, mu roƙi masu farautar gafiya su bar ashana a aljihu. Wasu su ji, wasu su yi dariya.

Dabarar da ta fi yi mana amfani daga Maraɗi ta zo. A 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara a gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, aka datse sauran, itace zai dawo ba tare da an dasa ba. Manoman can suka kira abin sassabin zamani, kuma an ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Ruwanmu ya fi nasu yawa nesa ba kusa ba.

Wahalar ita ce shawo kan mai gona, wanda ke ganin inuwa ragin damin hatsi ce. Da shi ba ma maganar fure. Kuɗin mudun kalwa a kasuwar Funtua muke tuna masa, da itacen girkin da matarsa ke saye, mu ce ya bar mana kututture biyar kacal a gefen iyaka, mu dawo baɗi mu duba tare.