Kwana biyar a Lome, bakin teku

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Kurfai, Togo ƙaramar ƙasa ce ta bakin teku. Ta samu ƴancin kai a 1960. Gaɓar tekunta ba ta kai kilomita 60 ba, wato ƙasa da rabin hanyar Filinge zuwa Yamai. Lokacin hutun makarantar yaƙi da jahilci na kwana biyar a Lome, babban birninta.

Teku ba ta da iyaka ga ido, amma ruwanta gishiri ne. Saniya ba ta sha, ba a ban ruwan garka da shi. Rijiyarmu ta Dallol Boso ta fi shi amfani ga talaka. Akwai rana, akwai zufa, ga itacen kwakwa jere bisa rairayi. Abincinsu masara ne da rogo da kifi.

Tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1968 tana sauke kayan da manyan motoci ke kawowa Nijar. A unguwar Zongo ana jin Hausa kamar gida, kuɗinsu ma sefa ne irin namu.

Amma a can komi saye ne, har ruwan sha da wurin kwana. Saurayin da zai tafi cirani, ya riƙe katin ɗan ƙasa da takardar rigakafin shawara. Ya koyi karatu da lissafi tun a gida, don wanda ya iya karanta rasit, da wuya a cuce shi. Kuma ya komo kafin shuka.