Fitilar kwalba: ado ce ga manya, lemo ce a idon yaro

Kwalba dai ba ta cika mutuwa a gidan Bahaushe ba. Wadda aka shanye lemonta yau, gobe za ka same ta cike da soyayyar gyaɗa, ko zuma, ko man shanu, ko humrar amarya. In kuma ba a yi mata aiki a gida ba, ɗan bola-jari na nan tafe da buhunsa. Shi ya sa da yayin mai da kwalabe fitilun tsakar gida ya shigo mana ta waya, bai zo mana a baƙo ba.

Ga wadda ba ta ci karo da shi ba, abin ba wuya gare shi. A sami doguwar kwalba, irin ta lemon inabin nan da ke taruwa a bayan kicin bayan biki ko Sallah, a zuba mata mai, a zura lagwani, a kunna. Sai a jera su a farfajiya lokacin walima, ko kamu, ko hirar dare da baƙi. A Amurka sun daɗe suna kafa irin waɗannan fitilu a lambunan gidajensu. Mu kuwa in muka dubi abin da kyau, aci-balbal ce ta dawo. Ita ɗin da maƙera ke yi da gwangwanin madara, wadda muka guje mata muna cewa ta talauci ce, ita ce ta sake shiga cikin koriyar kwalba, ta shigo gidajen Gwarinpa da Kubwa ana ɗaukar ta hoto.

Ina son fitilun nan, kuma ina yin su a gidana. Idan aka ɗauke wuta, haskensu ya fi ƙarar janareto daɗin zama. Sai dai ni sana'ata harhaɗa magunguna ce, kuma rabin aikina a kan kwalba yake: me aka zuba a ciki, me aka rubuta a jiki, wane irin murfi aka sa mata. Doka ta farko da muka koya ita ce, kada a zuba abu a mazubin da ke faɗin wani abu daban. Fitilar kwalba kuwa wannan dokar take takawa kai tsaye. Babba ya san fitila ce. Yaro ɗan shekara biyu bai san haka ba. Abin da ya sani shi ne jiya daga irin wannan kwalbar aka tsiyaya masa abu mai zaƙi.

Kananzir na daga cikin abubuwan da suka fi kai ƙananan yara asibiti a ƙasar nan ta fuskar shan guba, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne 'yan shekara 1 zuwa 3. Kusan kullum labarin iri ɗaya ne: an zuba shi a robar ruwa ko kwalbar lemo, an ajiye a ƙasa, yaro ya ji ƙishirwa. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, ba a ciki kananzir ke yin babbar ɓarna ba, a huhu ne. Ruwa ne mara kauri mai saurin malala. Da yaro ya kurɓa ya ƙware, sai ya zarce ta maƙogwaro ya shimfiɗu a cikin huhu, ya wanke santsin da ke hana 'yan jakunkunan iska manne wa juna. Abin da bai cika ƙaramin cokali ba ya isa ya kumbura huhun yaro.

Wani dare wajen ƙarfe tara, wata mata ta shigo kantin da nake aiki da yaro a kafaɗa. Kafin ta yi magana warin kananzir ya riga ta isowa, ga bakin yaron jajir da manja.

"Likita, don Allah ki ba ni maganin da zai sa shi amai. Na ɗura masa manja ya ƙi fitowa."

Na ce mata, "Maman yaro, aman nan shi ne abin da ba ma so. Kada ki ƙara ba shi komai, ki riƙe shi a zaune, mu nemi mota yanzu."

Kananzir ɗin na hura gawayi ne, a robar ruwa yake. Bayan mako guda ta dawo sayen wani abu, ta ce kwana uku ya yi ana sa masa iskar oksijin kafin ya dawo daidai. Matar nan ba sakarya ba ce, abin da ta ga ana yi tun tana yarinya ta yi. Amma amai yana dawo da kananzir ta hanyar da ya bi, ya sake ba shi damar faɗawa huhu karo na biyu. Manja da madara ba sa kashe shi, sai dai su tayar wa yaro da zuciya. Hatta garin gawayin da muke bayarwa a asibiti ga wasu nau'o'in guba ba ya kama kananzir. Abin yi shi ne a cire wa yaro kayan da suka jiƙe, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasa. Tari, da numfashi sama-sama, da zazzaɓi, da yawan barci na iya jinkirta bayyana, shi ya sa likitoci kan riƙe yaro aƙalla awa 6 suna lura da shi.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. A Tarayyar Turai, bayan yara sun yi ta shan man fitilar ado, an hana sayar wa jama'a irin wanda aka sa wa kala ko ƙamshi, sannan daga ƙarshen 2010 aka wajabta zuba shi a baƙin mazubi wanda ba a ganin cikinsa, wanda kuma bai wuce lita ɗaya ba. Amurka ta kafa dokar murfin da yaro ba ya iya buɗewa tun 1970. Su ke nan suna ƙoƙarin ɓoye man daga idon yaro, mu kuma muna zuba shi a kwalba garai-garai, wasu har da ɗiga masa kala don ya yi kyau a hoto. Wannan kam a bar shi.

Haɗari na biyu shi ne man kansa. Kananzir mai kyau sai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Selshiyos kafin tururinsa ya kama wuta, shi ya sa yake ci a hankali a bakin lagwani. Fetur kuwa ko a cikin firiza tururinsa na iya kamawa. Idan aka gauraya su, iskar da ke saman man a cikin kwalba ta zama abin fashewa. Waɗanda suka zauna Legas a 2001 ba su manta da yadda gurɓataccen kananzir ya ƙona mutane a gidajensu ba, kuma tun daga lokacin abin bai daina aukuwa jefi-jefi ba. Yanzu da kananzir ya yi tsada, kwaɗayin yi masa gauraye ya ƙaru. Ido ba ya rabe mai kyau da gurɓatacce, don haka ni a gidan mai kawai nake saya, ban da na bakin titi. Gwangwani in ya fashe ya tsage ne, kwalba kuwa tarwatsewa take yi.

To, ga yadda nake yin nawa. Kwalba mai kauri nake zaɓa, wadda ba ta da tsaga ko ɓantarewa a baki. Ba na taɓa amfani da kwalbar maganin tari ko ta sirop ɗin yara, domin yaro ya saba ana ba shi abin cikinta da cokali. Ina jiƙa ta in kankare takardar jikinta tas, in bar ta ta bushe sarai. Daga nan in zuba ƙananan tsakuwa su kai kashi ɗaya cikin uku, don ta yi nauyi kuma ta rage cin mai. Bakin kwalbar ina sa masa guntuwar mahaɗar bututu ta tagulla, irin wadda ake samu wajen masu sayar da kayan famfo, a naɗe ta da farin tef ɗinsu har ta zauna daram. Aikinta biyu ne: tana riƙe lagwani, tana kuma raba harshen wuta da gilashi, domin gilashin kwalba ba ya jure zafi a gefe ɗaya, sai ya tsage. Lagwani na auduga ne, irin na risho. Tsumman leda ko na roba narkewa yake yi. Abin da zai leƙo waje kada ya wuce santimita ɗaya, in ya fi haka sai hayaƙi da dogon harshe.

Mai kuma da mazurari nake zubawa, a waje, kwalba na sanyi, kuma ba na cika ta. In goge jikinta, in jira kamar minti 15 lagwani ya sha kafin in kunna. Ba a ƙara wa fitila mai tana ci ko tana da zafi. Sannan ba na ajiye ta haka nan a kan tebur ko dandamali. Cikin tukunyar fulawa ko bokitin ƙarfe mai yashi nake binne ta har rabi, yadda ko an yi tuntuɓe da ita ba za ta kife ba. Yashin nan kuma shi ne abin kashe gobara, domin ruwa ba ya kashe wutar kananzir, ɗaukar ta yake yi ya yaɗa.

Wurin ajiyewa ma abin dubawa ne. A bar tazarar aƙalla mita 2 tsakaninta da labule, da rumfar taro, da tabarma, a kuma nisanta ta ƙwarai da janareto da tukunyar gas. Kada a sa ta a hanyar wucewa. Mu tuna irin shigarmu ta biki: mayafi mai shara-shara, doguwar riga mai jan ƙasa, babbar riga mai faɗin hannu. Yawancin mayafan yanzu zaren roba ne, in suka kama wuta narkewa suke yi su manne a fata. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ba na kunnawa sam. Cikin ɗaki kuwa ba wurinta ba ne, saboda hayaƙinta na ɗauke da iskar nan mai kisa wadda ba ta da wari.

Lokacin da na fi jin tsoro shi ne bayan an watse. Baƙi sun tafi, uwargida ta gaji, an kashe fitilu an bar su a tsakar gida. Da asuba wa ke fara fitowa? Yara. Saboda haka kafin a fara taro nakan ɗora wa babba guda ɗaya alhakin fitilun, ba 'yar aiki ƙarama ba. Shi zai kashe su ta hanyar kifa musu murfin ƙarfe, ya jira su huce, ya juye ragowar man a jarkarsa mai rubutu, ya kulle jarka da kwalaben a inda hannun yaro ba ya kaiwa. In ba a sami mai ɗaukar wannan aiki ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa, shawarata a bar kananzir gaba ɗaya. Kakanninmu da man gyaɗa da man kaɗanya suka yi fitila. Man girki yana da kauri, ba ya hawa dogon lagwani, don haka gajeriyar kwalba mai faɗin baki ake nema, irin ta bama ko jam. A zuba ruwa ya wuce rabi, a tsiyaya mai a sama kamar kaurin yatsa biyu, a sa ɗan gajeren lagwani a jikin waya ya tsaya a tsakiya. Man girki sai ya haura digiri 200 kafin ya kama da kansa, kuma in yaro ya kurɓa ba irin ɓarnar kananzir zai yi masa ba. Duk da haka wuta wuta ce, a sa ido. Wadda ta fi kowacce kwanciyar hankali ita ce a zura 'yan ƙananan ƙwayayen lantarki masu batir ko masu cajin rana a cikin kwalbar. A hoto ba kowa zai gane bambancin ba.

Akwai masu tambayata ko man sitironela da ake ɗigawa a fitilun yana korar sauro. Yana ɗan ragewa a kusa da fitilar, amma da iska ta kaɗa shi ke nan. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, don haka kada ƙamshin fitila ya sa a bar yara a waje har tsakar dare, ko a kwanta ba gidan sauro.

In kuma tsautsayi ya gitta wani ya ƙone, wanda kayansa suka kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo mai kauri. A sa wurin ƙunar ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da gishiri ko baƙin mai. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti, musamman in yaro ne, ko ƙunar ta shafi fuska, hannu ko al'aura. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Ban rubuta wannan don in hana kowa ƙawata gidansa ba. Mai da kwalba abin amfani ya fi jefa ta a kwata ta fashe ta yanke ƙafar ɗan wani. Abin da nake roƙo shi ne, kafin ki jera fitilunki, ki durƙusa daidai tsayin ƙaramin yaron da ke gidan ki dube su daga nan. In abin da kika gani ya yi kama da abin sha, to da sauran aiki.