Shekarar Da Muka Yi A Kan Hanyar Kafin Hausa

Hanya biyu ce ke kai mutum Kafin Hausa daga Kano. Ko ka hau mota a Yankaba ka bi ta Ringim da Gujungu, ka faɗa Haɗejiya sannan ka karkato kudu, ko kuwa ka haye gadar Wudil ka miƙe ta Gaya da Jahun. Da rani direba ne ke zaɓa. Da damina kuwa sai yadda kogi ya ce. Daga daminar 2022 zuwa bazarar 2023, ni da mai ɗakina mun bi wannan mun bi waccan, ita da cikin fari, ni da aikin da aka turo ni na aika rahoton ruwa da noma daga kwarin Haɗejiya.

'Yar Kafin Hausa ce, aure ya kai ta Kano. Da aka ba ni aikin, sai muka ga babu hikima a bar ta ita kaɗai a gidan haya a birni, alhali iyayenta na nan daidai inda zan riƙa kai-komo. Lokacin ciki bai fito ba, kuma ko ya fito ba mai ambatonsa, don cikin fari a wurinmu kunya ce ke rufe shi. Ranar da muka sauka mahaifiyarta ta dube ta sau ɗaya, ta kau da kai, ta ce wa ƙannenta daga yau kada a ƙara soya kifi a tsakar gida. Iyakar maganar da aka yi ke nan, kuma kowa ya gane.

Ba mu daɗe ba ruwa ya iso. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗejiya, kuma kowannensu da madatsa a kansa, Tiga tun 1974, Challawa tun 1992. Da kogin ya shigo Jigawa sai ƙasa ta baje kamar faifai, ruwa ya rasa gangare, ya rarrabu rassa-rassa, har akwai reshen da ake kira da sunan Kafin Hausa. Tun da aka gina madatsun nan ruwa ya daina ƙafewa ƙaf da rani, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta. To, idan aka samu damina mai ƙarfi madatsu suka tumbatsa, ruwan da ya rasa hanya gonaki yake bi, daga gonaki sai gidaje. A watan Agusta na 2022 mamakon ruwan sama ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a Bulangu, cikin ƙaramar hukumar Kafin Hausa. A Satumba kogi ya biyo baya, ya taɓa Ringim da Miga da Auyo da Kiri Kasamma da Guri. A Haɗejiya na ga samari suna kwana a kan jinga, suna cika buhuna da ƙasa da hasken tocila. A faɗin Nijeriya ambaliyar shekarar ta kashe mutum sama da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu.

Cikin wannan hali aka ce mu je Haɗejiya a yi mata hoton ciki, domin laulayin ya yi tsanani, ko ruwa ba ya zama. Mota ta kai mu inda ruwa ya shafe hanya, ta juya. Daga nan sai fito. Mai kwale-kwalen ya dube ta ya ce, "Malam, a bar Hajiya ta zauna tsakiya, nan ba ya girgiza." Wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta ta miƙo mata guntun tsamiya, ta ce, "Tsotsa, 'yar nan. Kada ki dubi ruwa, dubi itatuwa."

Ana shirin tashi aka ce a dakata. Amalanken shanu ce ta iso daga wani ƙauye, da wata yarinya ɗanya kwance a kan tabarma, tana naƙuda tun daren jiya. Mijinta na riƙe da baƙar leda mai zannuwa, uwar mijin na riƙe da buta. Aka kama ta aka shigar. Muka ratsa gonakin da kan dawa ne kawai ke leƙowa, kuma har muka haye ban ji ta yi ko tari ba. Gefen mayafinta ta cusa a baki ta dantse, gumi na bin wuyanta, yatsun ƙafarta na lanƙwashewa duk sanda ciwon ya taso. Uwar mijin na cewa, "Sannu, daure, haihuwa yaƙin mata ce." Da muka isa gaɓa mota ɗaya ce ke jira, babu wanda ya yi gardama, duk muka ja baya aka sa ta. Mai ɗakina ta kama hannuna a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba.

Muna yaba wa mace da dauriya, kuma abin yabo ce. Amma dauriyar nan ce ke sa a kwana ana cewa bari a ƙara gani, mai ciwo ba ta magana, masu iko da fita kuma ba su ji komai ba. Aiki ya kai ni Jahun bayan haka, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a babban asibitin garin tun 2008, tana karɓar haihuwa mai gardama tana kuma yi wa mata aikin yoyon fitsari. Abin da ke jawo yoyon sananne ne: doguwar naƙuda, kan jariri ya daɗe yana danne naman uwa har naman ya mutu ya huje. Ma'aikatan lafiya suna lissafa jinkiri uku, na yanke shawara a gida, da na hanya, da na samun kulawa bayan an isa. Jigawa ta yi ƙoƙari kan na biyun da shirin Haihuwa Lafiya, wanda ya ajiye motoci a karkara don ɗaukar masu naƙuda. Shiri ne mai kyau. Sai dai mota ba ta haye ruwa, kuma a ƙasar da ambaliya ke raba ƙauye da kwalta, kwale-kwale mai inji da aka keɓe wa masu ciki ya kamata ya shiga lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne.

Da ruwa ya ja baya sai ƙasar ta sake fuska, ita ma mai ɗakina ta warware. Watannin kaka da hunturu su ne masu daɗin tafiyar. Waɗanda tudu ya tsare wa gona suna kaɗe riɗi suna ɓarar zoɓo, waɗanda ruwa ya cinye wa shinkafa kuma ba su zauna makoki ba, sun bi laimar da ya bari da injin ban-ruwa. A Auyo, inda shingen aikin noman rani na kwarin Haɗejiya yake, mun ga alkama ta yi kore shar cikin hazo. Kifin da aka hana soyawa ya dawo shi ne abin kwaɗayi, har sai da na zama sananne wurin masu banda a kasuwar kifin Haɗejiya, ina zaɓar tarwaɗa ana naɗe mini a takardar siminti. Ta matsa sai ta raka ni Baturiya, inda tsuntsaye ke sauka daga Turai su yi hunturu, aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa tana kallon su yayin da nake hira da masunta. A hanyar dawowa daga can ne ta ce wa direba ya rage gudu, ta dube ni tana murmushi. Abin cikin ya fara motsi.

Duk inda muke, ranar awo sai mun koma Kafin Hausa. Garin ya samu motoci da shaguna fiye da da, tun da aka kafa jami'ar jiha a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, saboda haka mu abin hawa bai ba mu wuya ba. Mata kan cika benci tun da sassafe, kowacce da katinta a leda. A auna nauyi, a auna jini, a ba da ƙwayoyin ƙarin jini, a sa kowacce ta haɗiye maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a gaban malama, a tambaye ta ko tana kwana cikin gidan sauro. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau takwas maimakon huɗu. Ga matar da ke bayan kogi, kowane zuwa kuɗin acaɓa ne da kuɗin fito da wuni guda ba a yi girki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gindin darbejiyar da ke ƙofar wurin awon. Ni ne a can, sai masu babur da ke jiran fasinja. Mazan matan ba sa zuwa. Malama na ciki tana bayani cewa kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da zubar jini, duk alamu ne na a taho nan take, amma wanda zai ba da izini da kuɗin mota cikin dare yana gona ko kasuwa, bai ji ba. A ganina namiji ya raka matarsa awo ko sau ɗaya bai taɓa mutuncinsa da komai ba, kuma limamai ne suka fi kowa iya faɗa wa maza wannan.

Da ciki ya kai wata bakwai ta tare gidansu gaba ɗaya don goyon ciki, ni na koma ɗakin wani abokin wanta. Sai ga wata sabuwar ambaliyar da ba ta ruwa ba. Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin aka ce sun daina aiki a Fabrairun 2023, sababbin kuma ba a ganin su. Ina da kuɗi a asusu, amma mai kifi ba ta da asusu, mai itace ba shi da shi, direba kuma ya ce ba zai jira sabis ya dawo ba. Masu POS suka tsawwala. Kayan haihuwa, su auduga da safar hannu da reza da sabulu, sai da muka tara su ɗaya-ɗaya. Tsoron da nake kwana da shi shi ne naƙuda ta zo cikin dare ba ko sisi a hannu. Surukina ne ya warware matsalar: ya kira wani maƙwabcinsu mai mota, ya auna masa shinkafa, muka cika jarka da fetur aka ajiye a zaure, aka yi alkawari ko ƙarfe nawa ne zai fito. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma sai da aka ɗauki makonni kafin su wadata a hannun mutane.

Akwai maganar da ta fi ta kuɗi wuya, wato ta haihuwa a asibiti. Kakarta ta ce, "Mu duk a ɗaki muka haife ku, ungozoma na nan." Ba hurumin suruki ba ne ya ja da tsohuwa, don haka na bi ta wurin gwaggonta, na nuna mata katin awo inda aka rubuta cewa jininta ya fara hawa. Gwaggo ta shiga ɗakin tsohuwa, suka daɗe. Da ta fito ta ce, "Malam, an amince, amma da sharaɗin ni zan zauna da ita."

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, ga zafin bazara. Ita ba ta yi ba, tun da shari'a ta sauƙaƙa wa mai ciki. A goman ƙarshe, bayan an sauko daga tahajjud, ƙaninta ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Yaya, Inna ta ce a taso mai mota." Maƙwabcin ya cika alkawari, ko hula bai tsaya sawa ba. Yayyenta biyu suka biyo mu a babur, saboda an gaya mana tun wuri a zo da masu ba da jini ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba. An yi mata allurar hana jijjiga, kuma hantsi bai ɗaga ba gwaggo ta leƙo ta ce, "An sauka lafiya, mace ce." Aka miƙo mini ita cikin zane, na yi mata kiran salla a kunne, muryata na rawa.

An yi suna dab da ƙaramar salla, naman rago ya zama na buɗa-baki. Sai wankan jego, safe da yamma, da ganyen darbejiya. A nan ma an yi 'yar tattaunawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da zafin da ake gasa jiki da shi. Ga wadda jininta ya hau, wannan ba abin wasa ba ne. Mahaifiyarta ta saurari malamar asibiti, ta rage kanwa ƙwarai, ta kuma riƙa sirka ruwan. Sauran al'adar kuwa ban ga abin da ya kai ta ba: kwana arba'in mace ba ta ɗaga tulu, ba ta hura wuta, ana ba ta gasasshen nama, tsofaffi na koya mata riƙon jariri.

Ranar 29 ga Mayu aka rantsar da Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa, a matsayin gwamnan Jigawa, garin ya cika da murna. A ranar ce kuma aka sanar da cire tallafin man fetur a Abuja. Da muka tashi komawa Kano a farkon Yuni, kuɗin mota ya yi tashin da sai da na sake tambayar ɗan kamasho, kuma haka ya tashi ga kowace mai zuwa awo daga ƙauye. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma na gyaran jinga. Matar wanta, wadda ke zaune a wani ƙauye bayan ruwa, watanta zai kama Satumba. Kafin mu ɗora kaya an riga an yanke shawara a zauren surukina: da an gama noman farko za a ɗauko ta, ta zauna a ɗakin da mai jego ta bari har ta sauka.