Abin da Muke Ƙyama, Gona Tana Nema

Jama'a, maganar da na zo da ita yau ba ta da daɗin ji, amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganar masai ce.

Kusan shekara 20 ke nan ina koyarwa a firamare. Duk damina sai na kira suna in ji shiru, a ce mini wane yana gida, amai da gudawa. Dalili ba ɓoyayye ba ne: masai ya cika, yara sun koma bayan katanga, ruwan sama ya kwashe ƙazantar ya kai rijiya. A 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa.

Abin mamaki, wannan ƙazantar dai abincin ƙasa ce. Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano ke ɗauko taki daga birni a mangalar jakuna. Inda haɗarin yake shi ne a zuba abin da aka kwaso daga masai ɗanye, domin ƙwan tsutsar ciki da sauran cututtuka suna nan da ransu.

'Yan'uwanmu na Agiye a jihar Maradi sun nuna hanya. A 2009 ƙauyukan can suka gwada raba fitsari da bayan gida. Fitsarin a tara a jarka, a toshe baki ya yi wata guda, suka sa masa suna "takin ruwa". Ɗayan kuwa a riƙa barbaɗa masa toka, in rami ya cika a rufe, a koma na biyu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta ce a ƙasa mai zafi irin tamu a bar shi fiye da shekara guda. Sai ya fito kamar turɓaya, ba wari.

Jigawa ta zama jihar farko da aka tabbatar ta daina bahaya a fili a 2022, saboda haka abin ba gagara ya yi ba. Roƙona ga iyayen yara da malamai: kafin a tara kuɗin fenti, a haƙa wa makaranta masai mai rami biyu, na 'yan mata daban. Yara su zauna lafiya, gonar makaranta ta samu taki, ga takin zamani ya yi tsada.

Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.