Kasuwa A Kai Miki Dole

Duk wanda larura ta taɓa sa shi ya kai kayansa kasuwa ya san cewa kowane kaya farashi biyu gare shi: akwai wanda mai shi ya yanka a zuciyarsa, akwai kuma wanda kasuwa za ta yanka masa. Idan kayan sabo ne dal a kwali, tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da yawa. Idan gwanjo ne, sai ta buɗe. To, ina ga gwanjon da aka yi ta yi wa gyare-gyare har wanda ya ƙera shi ma sai ya yi da gaske zai gane shi? Irin wannan kaya na kai kasuwa a Abuja cikin shekarar 2024, wato jitata ta bes, kuma labarin cinikin nake son in ba 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa ta mujallarmu.

Ga wanda bai sani ba, bes ita ce jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke fitowa daga can ƙasa, har mutum ya riƙa jin ta a ƙirji kafin kunne. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ya fito da tasa kasuwa a 1951 a Kalifoniya, ya sa mata suna Precision, saboda ƙananan ƙarafunan da aka jera a wuyanta suna ba makaɗi damar samun sauti daidai ba tare da lalube ba. A 1960 ya ƙara fito da wata mai suna Jazz Bass. Tawa irin wannan ta biyun ce, amma ƙirar Squier, wato reshen kamfanin Fender da ke yin masu araha domin talakawa irina. Na saye ta a 2021 a kan naira 45,000, a hannun wani makaɗin coci a Nyanya, wanda shi ma a hannu ya saya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe ta kafinsa ya kankare sunan Squier daga kanta, ya manna tambarin Fender. Wanda ya sayar mini bai ɓoye mini wannan ba, ya ma nuna mini gurbin kankarar da yatsansa.

Gyaran farko da na yi mata dole ce ta sa. Ƙananan maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, waɗanda makaɗa ke kira pikob, su ke ɗaukar motsin tsirkiya su mayar da shi lantarki. Matsalar ita ce suna ɗaukar har da gurnanin wutar gida da ta janareto. A cocinmu kuwa janareto ba ya hutawa. Sai wani mai gyaran rediyo ya shimfiɗa mini takardar tagulla a cikin ramukan jitar, ya sake liƙa wayoyin da dalma. Daga baya na sauya pikob ɗin baki ɗaya, aka fafe bayanta aka dasa wata 'yar na'urar ƙara ƙarfin sauti mai aiki da batir. Na kuma sauya ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindinta, na sa mai nauyi. Wannan abin da tsirkiya ke hawa, makaɗan goge da garaya jaki suke ce masa, kuma tun ranar da na ji sunan a aji ban sake kiran nawa da wani suna ba. Fenti kuwa a Apo aka yi mata, wurin masu fentin mota, ta tashi daga baƙa ta koma kore shar.

Amma babban gyaran, wanda ya zame mini ƙarfen ƙafa ranar sayarwa, shi ne cire ƙarafunan wuya. A nan sai mai karatu ya yi mini haƙuri in ɗan ratse.

Ni ɗan ƙabilar Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma ba sai na faɗa wa ɗaliban Hausa daga inda kalmar gwaranci ta samo asali ba. A kasuwa da tasha na tsinci Hausata. Kalmomi ba su taɓa gagarata ba, karin sauti ne ke tona mini asiri. Harshenmu ma yana da nasa karin, sai in ɗauko shi in ɗora wa kalmar Bahaushe, in ce wuyana na ciwo a ji kamar wahala nake nufi. Da muka shiga darasin Tsarin Sauti aka koya mana karin sama da karin ƙasa da faɗau, sai na ga ai wannan kiɗa ne. Na koma ɗaki na ɗauki jita. Wuya na jiki, sama sannan ƙasa. Wuya ta wahala, ƙasa sannan sama. Kuka na hawaye, sama da sama. Kuka ta miya, sama da ƙasa. Abin da kunnena ya kasa riƙewa shekara da shekaru, yatsuna suka riƙe shi cikin mako biyu.

Faɗau ne ya ƙi. Kalma irin kai na jiki, ko mai na girki, ko yau, muryar takan taso daga sama ta zame ƙasa a gaɓa guda, ba tsalle take yi ba. Jita mai ƙarafuna kuwa tsani ce, daga mataki sai mataki. Kalangu ya fi ta a nan, domin makaɗi na matse tsirkiyoyinsa a hammata ya sassauta, sautin ya hau ya gangaro yadda baki ke yi, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Ina cikin wannan tunani na ci karo da labarin Jaco Pastorius, makaɗin Amurka da ya rasu a 1987, wanda ya ciccire ƙarafunan Jazz Bass ɗinsa ƙirar 1962, ya cike gurabun, ya shafe wuyan da irin ƙaron da ake shafa wa jirgin ruwa. Na ɗauki tawa na kai wa wani kafinta a Kugbo. Ya dube ni ya dubi jitar, ya ce shi dai kujeru ya sani, amma in na tsaya a kansa zai yi. Kwana uku muka yi. Ranar da na mayar da tsirkiyoyi na ja yatsa daga sama zuwa ƙasa, jitar ta ce "yau" ƙarara, har ƙanwata ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar wa ya yi magana.

Idan aka haɗa duk abin da na kashe a kanta bayan kuɗin saye, ya kai naira 85,000, kuma a nairar wancan lokaci.

Sai ga shekarar ƙarshe ta zo da kundin kammala digiri. Na zaɓi yin nazari a kan kiɗan mahauta da yadda kalangu ke bin karin maganar Hausa, wanda ke nufin zirga-zirga zuwa kasuwar Dei-Dei, da na'urar ɗaukar murya, da kwamfuta ko da tsohuwa ce. Lokacin kuwa an riga an janye tallafin man fetur tun 29 ga Mayun 2023, an kuma saki naira a watan Yuni, har zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kuɗin mota ya ninka. Mahaifina ya yi ritaya, ga ƙannena biyu a sakandare. Na duba ɗakina kaf, abu ɗaya ne kawai za a iya kira kadara.

Na ɗauki hotunanta na sa a Jiji da Facebook, na yanka naira 150,000. Na rubuta komai dalla-dalla, har da maganar tambari. A ganina tunda dala ta tashi, sabbin kayan kiɗa sun yi tsada, gwanjo ma zai bi su. Ya bi su, amma gwanjon da ba a taɓa ba. Mai saye na son abin da ya san sunansa, wanda in ya gaji da shi zai iya sayarwa gobe. Duk gyaran da ka yi, kai ka san dalilinsa. Shi kuwa abin da yake gani shi ne wani ya riga ya buɗe cikin kayan, kuma bai san hannun wa ya shiga ba.

Mako shida ina amsa waya. Makaɗan coci, waɗanda su ne mafi yawan masu sayen bes a Abuja, mai tsirkiya biyar suke nema, domin waƙoƙin yanzu na son sautin da ya fi na huɗun zurfi. Da sun ji huɗu ce, kuma babu ƙarafuna, sai su ce Allah ya kawo kasuwa. Wasu suka ce in turo bidiyo ta WhatsApp. Nan ma wata matsala ce, domin tsirkiya mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 ne kacal a daƙiƙa, 'yar lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sauti mai zurfin haka, sai mutum ya ga yatsu na motsi yana jin ƙwas-ƙwas. Wani ya turo mini alat na bogi ya ce ɗan acaɓa na tafe ya karɓa. Na ce ya bari kuɗin su sauka tukuna, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Wani kuma ya ce shi pikob da jaki kawai yake so, zai ba da 55,000, in riƙe gangar jikin.

Wannan tayi na ƙarshe ya hana ni barci, domin lissafinsa daidai ne. Da na je wurin wani dattijo mai dillancin kayan sauti a kusa da kasuwar Wuse, abin da ya fara faɗa mini ke nan. Ya ce, "Samari, kai da kake bin mahauta, ba ka ga yadda suke yi ba? Saniya a tsaye kuɗinta ɗaya. In aka fiɗe ta, kai da kuɗinsa, fata da kuɗinta, kayan ciki da nasu." Na ce, "Baba, haka ne, amma wadda aka fiɗe ba ta sake kuka." Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce in bar ta a shagonsa mako guda.

Akwai wani matashi da ke zama a shagon yana taya shi. Da na fito sai ya biyo ni, ya rage murya ya ce, "Abokina, ka goge maganar tambarin nan daga tallarka. Fender aka rubuta, kai ba kai ka rubuta ba. Ka yi shiru kawai, ni zan kawo maka wanda zai ba da 250,000." Mai karatu, ba zan ce maganar ba ta shige ni ba. Wannan kuɗi zai sayi kwamfuta da na'ura, har a sami canjin zuwa Dei-Dei sau ashirin. Na yi tafiya tun daga Wuse har Berger a ƙasa ina juya ta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda zai faɗa wannan rami: ba babban makaɗi ba ne, domin shi da ya juya bayan jitar zai gane. Yaro ne irina a 2021, wanda ya tara kuɗinsa da kyar, ko wata ƙaramar coci da ta yi karo-karo. Ni kuwa wanda ya sayar mini ya nuna mini gurbin da yatsansa alhali ban tambaye shi ba. Washegari na gaya wa dattijon yadda muka yi. Bai ce wa yaron komai a gabana ba, sai dai ya ce, "Algus ba ya shiga shagon nan," ya ɗauko wata 'yar takarda ya rubuta Squier ya ɗaura a wuyan jitar da zare.

Ana sauran kwana ɗaya mako ya cika ya kira ni. Wani mai ɗakin haɗa waƙoƙi ne daga Kaduna ya zo sayen lasifika, ya gan ta a rataye. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, irin masu haɗa waƙoƙin finafinan Hausa da fiyano. Ya ce shi bai iya bes sosai ba, amma ya gaji da sautin da kowa ke da shi a cikin na'ura. Ya shafa wuyan ya ce, "Ƙanena, wa ya yi mata wannan aika-aika?" Na ce ni ne, Yaya. Aka jona ta da amfilifaya, na kaɗa masa sama da ƙasa, na ce wace kalma ce? Ya ce in sake. Na kaɗa gaisuwar safe gaba ɗayanta. Sai ya ɗaga kai ya amsa, "Lafiya lau!" Dattijo ya ce shi ma ya ji ta sarai. Muka shafe kusan awa guda a haka, ina kaɗawa suna cankowa, wani lokaci su dace, wani lokaci a yi ta gardama, har masu shagunan kusa suka taru.

Duk wannan bai hana shi taya ta 70,000 ba. Na ce albarka. Wannan kalma tana cikin abubuwan da suka fi burge ni a Hausa, a ce mutum ya ƙi tayinka amma da addu'a ya ƙi shi. Ya ce tsirkiya huɗu ce. Na ce da hannu aka yi wuyan. Ya ce in ya tashi sayarwa wa zai saya? Wannan kam ban da amsarta, sai dattijo ya shiga tsakani. Ya hau 90,000, na sauko 125,000, aka yi ta ja har aka tsaya a 110,000. Dattijo ya kama hannuna ya ce, "Ka sallama?" Na ɗan jima kafin bakina ya buɗe. Na ce na sallama.

Na ba da la'ada 5,000. Na haɗa wa mai sayen da tsofaffin pikob ɗin da na adana a gwangwanin madara, da ɗan makullin da ake juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya, na kuma gargaɗe shi cewa in hunturu ya shigo katako zai bushe, wuyan zai motsa, kada ya juya makullin fiye da kwata a rana guda. Na ce ya riƙa zare waya in ya gama, in ba haka ba batir zai ƙare. Ya rubuta duka a bayan rasit.

Kuɗin bai kai ga kwamfuta ba. Na sayi na'urar ɗaukar murya ta hannu, sauran na yi kuɗin mota da goron makaɗa, kundin kuma a kwamfutar wani abokin karatuna na buga shi, da dare in ya gama nasa. Bayan wata huɗu mai sayen ya turo mini wata waƙar biki da ya haɗa. Sai da na ari babbar lasifika kafin na ji bes ɗin, tana can ƙasa tana bin muryar mawaƙiyar gaɓa da gaɓa. A baiti na biyu yatsansa ya ɗan zarce wurin faɗau, na tura masa saƙo na ce ya rage ja kaɗan.