Yinin da muka yi a kanal ɗin Ingila

Da yawanku kun tambaye mu labarin zuwanmu Ingila bikin kammala karatun ɗanmu. Na bikin kun gani a hotuna. Wanda ba mu ba ku ba shi ne na ranar da yaron ya kwashe mu, mu shida, ya ce ya kama hayar jirgi za mu yini a kanal.

Mu mazauna Legas mun san abin da ake kira kanal: babbar kwata mai baƙin ruwa, cike da leda da robobi, wadda ke shigo mana ɗaki duk damina. Shi ya sa Hajiya ta ce, "Kai yaro, duk faɗin Ingila ka rasa inda za ka kai iyayenka sai kwata?"

Ashe nasu hanya ce. An haƙa su fiye da shekara 200 da suka wuce domin dakon gawayin kwal da sauran kaya, doki na jan jirgi daga gefe. Wanda muka shiga sunansa Grand Union, shi ya haɗa Landan da Birmingham. Jirgin dogo ne siriri, faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, kuma doka ta hana wuce mil 4 a awa. Wata tsohuwa da karenta suka wuce mu a ƙafa. Kawu, wanda ya shekara talatin yana tuƙin tirela tsakanin Legas da Kano, ya karɓi sandar tuƙi yana tsaki. Sandar kuwa a juye take aiki: ka tura hagu, jirgi ya yi dama. Sau biyu yana kai mu cikin ciyawa.

Bayan gonaki da tumaki sai muka iso bakin ramin Blisworth, inda kanal ya huda tudu ya bi ta ƙarƙashi. Tsawonsa ya kusa kilomita 3, an buɗe shi a 1805. Ba hanyar doki a ciki. A da, sai a kwance dokin a bi da shi ta kan tudu, mutane kuma su kwanta a kan allo su riƙa taka bango da ƙafa har jirgi ya fita. Mu da inji muka yi fiye da rabin awa. Duhu, sanyi, ga ruwa na kwararowa daga ramukan shan iska yana jiƙa mai tuƙi. Duk surutunmu ya ɗauke, ba ka jin komai sai inji da salatin Hajiya. Can muka hango fitila na tunkaro mu, wani jirgi ne. Muka raɓe dama, ya raɓe, muka gifta da kyar.

Muna fita sai ƙauyen Stoke Bruerne, inda ƙasa ke gangarawa. Ruwan kanal ba ya gangara, a kwance yake, don haka aka gina masa matakala: ɗakunan ruwa guda 7 a jere, waɗanda suke kira lok. Kowane ɗaki yana da manyan ƙofofin katako sama da ƙasa, da ƙananan tagogi da ake murɗawa da hannun ƙarfe irin na jak. Za ka cika ɗaki, ka shiga, ka rufe komai na sama, sannan ka buɗe tagogin ƙasa. Ruwa na fita, jirgi na nutsawa tsakanin bango mai gansakuka. Sai ruwan ciki ya daidaita da na waje ƙofa za ta motsa. Kafin nan, ko ƙarti goma ne ba za su iya ture ta ba.

A ɗaki na biyar muka yi abin kunya. Mun buɗe na ƙasa, amma ruwa ya ƙi daidaita. Mu uku muka jingina da gungumen ƙofa muna nishi, Kawu na cewa ai ta lalace. Ashe taga ɗaya ta sama muka bari a buɗe. Ruwa na shiga ta nan yana ficewa ta can, ɗan tafkin da ke samanmu ya janye, jirgin da ke bayanmu ya zauna a laka da mata da miji da jariri a ciki.

Nan take muka fara halinmu. Wane ne ya riƙe ƙarfe, wane ne aka ce ya duba. Wani dattijo ɗan sa-kai, cikin waɗanda ke taimaka wa hukumar Canal and River Trust kyauta, ya tako ya sauke tagar. Bai tambayi wanda ya yi ba. Ya dai bayyana mana cewa ruwan daga madatsu ake tara shi a can tudu, duk jirgin da ya wuce ya tafi da ɗaki guda cur, kuma a shekarar fari har taƙaita lokacin wucewa ake yi. Sannan ya miƙa wa Kawu ƙarfe ya ce su hau sama su saki ruwa ga mutanen da muka makalar. Kusan awa guda aka yi kafin jirginsu ya taso. Hajiya ta kai wa matar dambun naman da muka zo da shi daga gida, tana ba ta haƙuri da Hausa, yaron na fassarawa.

Azahar da La'asar a kan ciyawar gefen ruwa muka haɗa su. Da muka juyo muna hawa ɗakunan, Kawu bai ƙara tsaki ba. Kowace taga sai ya taɓa ta da hannunsa, ya koma ya sake dubawa, har ɗanmu ya ce, "Kawu, ai ka rufe." Ya ce, "Bar ni dai."

Mun mayar da jirgi wajen ƙarfe takwas na yamma, rana na nan a sama, muka zauna jiran Magariba.