Lungun da Makara Ba Ta Wucewa



Yau ina so in yi magana kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muke yanyanka gidaje a unguwarmu ta Sabo, Ibadan. Tun farko bari in faɗi gaskiya, ni ma saura ƙiris in sa hannu a ciki.

Tun 1916 aka kafa Sabo. Kakanninmu fataken goro da shanu ne, kuma manyan gidajen da suka gina saboda baƙi suka gina su. Falke ya taso daga Kano ko Sakkwato ya sauka wajen maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kuɗinsa, dillalan maigida su sayar masa da kaya. Shi ya sa za ka ga zaure, da tsakar gida mai faɗi, da rijiya.

To yanzu fa? Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya rututu, a raba gado, kowa ya ja katangarsa. Wani ya yi shago, wani ya yi ɗakunan haya, wani ya sayar ya kama gabansa. Fuloti ɗaya ya koma gida uku. Ga Mokola nan, ga filin wasa na Adamasingba can, gari ya kewaye mu, babu inda za mu faɗaɗa. Sai aka koma cin lungu.

Bara wata tsohuwa ta rasu a layinmu, Allah ya jiƙanta. Aka ɗauko makara daga masallaci, wallahi ta ƙi shan kwana, domin magadan wani gida sun turo sabon gininsu cikin hanya. Sai a tabarma muka ɗauko gawar har bakin titi. Ranar na yi ta faɗa, na ce waɗannan mutane ba su da tsoron Allah.

Ba makara kaɗai ba. Kwatar da ke bi ta nan an danne ta da siminti, da an yi ruwa sai ya dawo mana tsakar gida. Mutanen Ibadan kuwa sun san ruwa. Baba yakan ba mu labarin ambaliyar Ogunpa ta 1980, ta ranar 26 ga Agusta 2011 kuma ina yaro aka yi ta. Duk lokacin da aka zo bayani, sai ka ji an ambaci gini a kan hanyar ruwa da zuba shara. Ga kuma sabuwar salga da aka haƙa taku kaɗan daga rijiya, alhali masana lafiya mita 30 suke so a bari tsakani. Idan gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, ta ina motar kwana-kwana za ta shigo?

To sai ga shi abin ya zo kaina. Bayan Sallah Baba ya kira ni zaure ya ce, "An sa ranar aurenka. Ba za ka iya kuɗin hayar shekara da na ejen ba. Ga filin nan na ƙuryar gida, ka yi ciki da falo."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."

Magini ya zo ya auna, ya ce wurin ya yi kaɗan, amma idan aka ɗan ci ƙafa biyu daga lungu komai zai zauna, ai kowa haka yake yi. Jama'a, shiru na yi. Ni da na fi kowa baki bara, sai ga ni ina lissafin inda zan sa kujeru. Ashe laifi tudu ne.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Ran na huɗu bayan Asuba na ari tef ɗin maginin, na auna makarar masallaci, na je na auna kwanar lungunmu. Idan na ci ƙafa biyun nan, ranar da Baba zai fita fitarsa ta ƙarshe, shi ma a tabarma za a ɗauke shi. Na ce wa magini ya ja igiyarsa baya.

Ɗakin ya fito ɗan tsukut. Na san ranar jere gwaggonnin amarya sai sun yi mita, kuma rabin kayan sai dai a kai ɗakin Inna. Na yarda.

Ban ce kar a raba gado ba, haƙƙi ne da Allah ya yanke. Roƙona shi ne, kafin a haƙa harsashi a kira liman da dattawan layi da maƙwabta, a bar hanyar makara da hanyar ruwa, a nisanta salga da rijiya. Sannan a nemi takarda. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma gini yana buƙatar izinin hukumar tsara gari. Mu da har gobe wasu ke kira baƙi, ranar da aka zo rusau, takarda ce za ta yi mana magana.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mu cika da imani, amin.

Wassalam.